Ruwa a Wuyan Nomau

Ni masunci ne, ɗan Yauri,
shekara talatin ina karatun ruwa.
Na san gurbin da giwan ruwa ke kwana,
na san inda kogi ke yi wa kwalekwale murmushin ƙarya.
Amma ƙullutun da ya fito wa Nomau
ƙasan muƙamuƙi, ta hagu,
ya fi ƙarfin idona.

Da fari ƙwayar gurjiya,
kafin a yanke shinkafa ya kai ƙwan zabuwa.
Ba zafi, ba zazzaɓi,
yaro na cin tuwonsa, yana faɗawa kogi.
Mu ne barci ya ƙaurace wa.
Gwaggonsa ta ce maƙoƙo.
Wanzami ya wasa aska, na ce dakata.
Wani a bakin kasuwa ya ambaci daji,
kalmar ta biyo ni gida
kamar ƙayar kifi a maƙogwaro.

Na sayar da koma guda,
muka hau mota sai Birnin Kebbi.

Ɗaki mai duhu, fanka na kuka.
Malama Turai ta shafa masa mai mai sanyi,
ya ƙyalƙyale da dariya,
ni kuwa yawu ya ƙafe mini.
Ta ɗora wani abu kamar ƙotar wuƙa,
ta ce, Baba, amo ne ke shiga ya dawo,
yadda kake ƙwanƙwasa gora
ka ji ko ta sha ruwa.

Sai ga shi a gilashi:
baƙin wuri, zagayayye,
bakinsa sumul kamar gefen ƙwarya,
bayansa haske.
Ta kunna launi, ja da shuɗi suka bi jijiya,
suka kewaye shi,
babu wanda ya leƙa ciki.

Ruwa ne, in ji ta.
'Yar jaka ce ya zo da ita tun daga ciki,
ba ta da saiwa, ba ta cin maƙwabta.
Likitan tiyata zai duba, a sa rana.

Na ƙura wa baƙin nan ido.
Ai na san shi.
Haka gurbi yake kafin asuba.
Abokin sana'ata ya ɓuya a wuyan ɗana
wata bakwai, ban shaida shi ba.

A mota Nomau na shan rake,
ƙullutun na hawa yana sauka.
Ya ce, Baba, da me za mu yi su gobe?
Na ce, sha rakenka.