Sawu a Yashi

Ni ne mai share fili a Dei-Dei.
In an watse, kalangu ya yi shiru,
sai ni da fitila ɗaya da tsintsiya.

Ku kun biya kuɗi a ƙofa
don ku ga ƙato ya sha ƙasa.
Ni ban biya ko sisi ba,
amma ni ake bar wa wasiƙar,
domin abin da ƙafa ta rubuta a yashi
ba ya yi wa kowa ƙarya.

Ga ramuka biyu nan masu zurfi,
nan Sallau Bango ya tsaya.
Ya kafa matashi a gaban goshi,
ya noƙe kai kamar kunkuru,
aka yi ta jibgarsa kamar shadda a gidan bugu,
turmi uku bai gusa ba.
Ina girmama shi, Allah ya sani,
amma wa zai baro Kubwa da dare
don ya kalli katanga tana shan ruwan sama?
Gobe da asuba matarsa za ta ba da labari,
ita da ruwan zafi da tsumma a wuya.

Wannan layin da ya zagaye fili
kamar akuya ta tsinke igiya,
na Ilu ɗan Karmo ne.
Kullum amsarsa ɗaya:
ja da baya ga rago ba tsoro ba ne.
Na yarda, in ragon zai dawo da karo.
Nasa ragon ya kusa kaiwa Zuba
bai waiwayo ba, ko kunya.

Masu runguma ban sa su a lissafi ba,
sawunsu kamar kaji sun yi tono.

Amma zo nan, rage murya.
Ka ga wurin nan da kamar ba a taka ba?
Sai ɗan jinjirin wata
da diddige ya zana yana juyawa.
Tanimu Tarwaɗa ke nan.
Barau na Jamus ya ɗauko hannu tun daga ƙugu,
hannun da ya kwantar da bakwai a bana,
Tanimu bai tare ba, bai gudu ba,
kai kawai ya kautar, faɗin ɗan yatsa,
naushi ya wuce kamar tirela a titin Kaduna,
iskarsa ta kaɗa masa laya.
Na biyu ya bi ta saman ƙeya.
Na uku, Barau ya bi hannunsa
ya dafa ƙasa da kansa, ba wanda ya taɓa shi.
Mai kalangu ya manta kiɗa,
tsiren Hudu ya ƙone a kan waya.
Ni dai in za a tambaye ni,
duk kallon duniya yana cikin baudiya.

Kada ka ce mai shara me ya sani.
Shekara sha ɗaya na ɗaura zare a Guramada,
ina taƙama fuskata ce garkuwata.
An koya mini yadda ake naɗe hannu,
ba wanda ya ce mini ga inda ake ajiye kai.
Haƙora huɗu na bari a Mararaba,
kunnen hagu kuwa tuni ya yi ritaya.

Shi ya sa nake share ramukan Sallau,
in share doguwar hanyar Ilu,
in bar jinjirin watan nan sai ƙarshe.
Ɗazu na duba babu kowa,
na sa diddigena a cikinsa,
na kautar da kai, na juya,
gwiwa ta yi ƙara, na dafa tsintsiya.

Mai gadi ya dallare ni da tocila:
"Baba Cindo, lafiya?"

Na ce lafiya.
Na sunkuya na share.