Yekuwa a Cikin Jini

A Lofoten, gab da asuba, ƙugiya ta shige yatsan Torleif.
Ya zare ta, ya tsotse jinin, ya tofar a teku,
ya ci gaba da jan igiya.
A ganinsa magana ta ƙare.

Can ƙasan fata kuwa yanzu aka fara.
Wata ƙwaya mai gadi ta shinshino baƙo.
Ba ta da baki, ba ta da ƙaho,
sai ta saki furotin, ɗan mitsitsi:
a zo, an fasa katanga.
Jijiyoyi suka sassauta ɗamara,
fararen ƙwayoyi suka kutso ta tsagar bango,
wurin ya yi ja, ya ɗau zafi, ya tashi kamar ƙullin burodi.

Da dare ya kira 'yarsa Ragnhild
mai auna irin waɗannan saƙonni a ɗakin bincike a Tromsø.
"Yatsa na bugawa kamar injin jirgi."
"Shawara suke yi, Baba. Wanke shi.
In jan ya haura hannu, sai asibiti."

Ba ta faɗi abin da ke hana ta barci ba:
akwai saƙo na biyu, mai cewa ya isa, a koma gida,
kuma a gaɓoɓin mahaifiyarta
shekara goma sha ɗaya ke nan ba a saurare shi ba.
Mayaƙa na ta sara, babu abokin gaba,
har cokali ya gagari hannun.

Kwana huɗu, kumburin Torleif ya sace.
Da yatsan nan, da safe,
ya ɗaure wa matarsa igiyar takalmi.