Mai Girgiza Ƙofofi

Shekara goma sha tara ina goge daɓen makarantar nan.
Na san mai zubar da madara kowace Talata,
na san mai mance safar hannu ɗaya a kan hita.
Yaran Duluth kan ji ƙarar makullaina tun daga lungu,
su ce, ga Wendell nan tafe.

Amma akwai ranar da ake cewa in ajiye makullan a ofis.
Shugaba ta yi magana a lasifika,
fitilu su mutu aji bayan aji,
gida mai yara ɗari huɗu
ya yi tsit, kamar an yi ruwa an ɗauke.
Aikina in bi ƙofofi ɗaya bayan ɗaya,
in kama mariƙi in girgiza da ƙarfi,
a ga ko akwai wadda za ta buɗe.
Wato na minti goma sha biyu
ni ne mutumin da ake ɓuya dominsa.

Ɗaki na bakwai, ajin Malama Lindqvist.
Na san inda suke: bayan kantar littattafai,
su ashirin da biyu, gwiwa a ƙirji,
kowa da alawa a baki don kada bakin ya yi aikinsa.
Na girgiza.
Shirun yara ba irin na manya ba ne.
Nauyi gare shi, kamar bokiti cike fal
da ake tafiya da shi a hankali kada ya fantsama.

Da fitilu suka dawo,
Odalys ta fito hannu a dunƙule, leɓe da jini.
Haƙorin da ke girgiɗi tun watan Satumba
bai tashi faɗuwa ba sai cikin duhun nan.
Ko uffan ba ta ce ba, haɗiye jinin ta yi.
Na ba ta ambulan ta saka shi.
Ta dubi ƙafata ta ce,
"Na ga takalminka ta ƙarƙashin ƙofa.
Igiyar hagu ja ce.
Sai na rubuta wa Corwin sunanka a tafin hannu da yatsa,
ya daina rawar jiki."

Ni ne kuma mai tuta.
In umarni ya zo daga sama, nakan sauke ta rabin sanda
cikin dusar ƙanƙara, kafin motar farko ta iso.
Ba wanda ya koya musu, amma sun iya karatun tuta.
Corwin ya tsaya, jakarsa ta fi shi faɗi.
"A ina ne wannan karon?"
Na faɗi sunan garin.
"Kwana nawa ne a mota?"
"Uku."
Ya ƙirga a yatsu, ya ce, "To, da nisa,"
ya ruga ya hau lilo.

Ran nan da hantsi na tarar sun ƙirƙiro wasa.
Duk su lafe a bayan tsohon benci,
ɗaya ya zo ya girgiza shi,
wanda ya yi dariya ya fita.
Har faɗa suke a kan wa zai zama Wendell.
Na tsaya riƙe da tsintsiya,
na rasa ko murmushi zan yi ko in shige ɗakin ajiya in rufe.
A wasansu kowa yana tashi a ƙarshe,
ya kakkaɓe ƙanƙara daga wando.

Matata ta sayo mini sababbin igiyoyi, baƙaƙe, iri ɗaya.
Suna nan cikin durowa da takardarsu.
Ranar atisaye, in na iso ɗaki na bakwai,
nakan ɗan jinkirta,
in matsa da ƙafar hagu daf da bakin ƙofa
yadda haske zai kama jan.
Wannan ba ya cikin ƙa'ida.
Sannan in girgiza.