Baki Ɗaya Gare Ta

Ranar kasuwar Pambeguwa
na tsuguna gaban Cindo maƙeri.
Ya shimfiɗa tsohon buhun taki, ya zube mini abu biyu:
nan darma uku, kowace ta kai gurjiya,
can 'yan ƙwallayen keke cikin murfin kwalba,
ƙanana, sai ka ce tsabar dawa.
Ya ce, Barmo, wa ya taɓa ka?
Faɗi sunansa, in faɗa maka abincinsa.

Na ce, dila ne.
Daren Talata ya ɗauke ɗan tunkiyar Lantana,
ya bar mana igiya da ƙafa guda.
Amma kuma, Cindo,
na ga sawun gada a bakin ƙorama,
ga shi wata huɗu rabon tukunyarmu da naman daji.

Ya yi dariya har zugazugi ya huta.
Bindigarka baki ɗaya gare ta, in ji shi,
ba ta iya zance biyu.
Dila ba ya tsayawa a gaisa,
yayyafi ake masa, ko ɗaya ya same shi.
Gada kuwa guda take so, mai nauyi,
bayan kafaɗa, ta kwanta kafin ta ji.
Na biya duka biyun.
Kuɗin manjan Lantana ne, ban faɗa masa ba.

Bayan isha na zauna a zaure da fitila.
Na auna albarushi a tafin hannu,
na danna tsumma da sandar ɗuri,
sai hannuna ya tsaya.
Aljihun dama ciki ne,
aljihun hagu fushi.
A turke tunkiya ta yi kuka,
nononta ya cika, babu mai sha.
Na zuba ƙanana.
Na kankare kan ashana, na fita.

Gindin ɗorawa, inda hanyarsa ta ratsa.
Sauro ya ci rabonsa, ban kore shi ba.
Wata ya hau, ya karkata.
Ƙafata ta mutu, ta farfaɗo, ta sake mutuwa.

Sai ciyawa ta motsa.
Ba shi ba ne.
Ita ce, taku ashirin, ba ƙari,
ta ba ni kafaɗa kamar an aiko ta,
tana tsinkar furen ɗorawa da ya zubo,
kunne ɗaya a wajena, ɗaya a wajen Allah.

Yatsana ya san hanya.
Miyar ma na ji ƙanshinta.
Sai ga muryar babana, shekara tara da binne shi:
wanda ya yi wa gada yayyafi
bai kashe ba, bai bari ba.
Za ta tafi da ƙarfe a cinya,
ta kwana uku tana mutuwa ƙarƙashin sabara,
ba wuƙa, ba bisimilla,
ungulu ce kaɗai za ta gode maka.

Darma uku na aljihu suna danna mini cinya.
Kusa ƙwarai. Ba amfani.
Na dube ta har ta ƙoshi.
Ta kaɗa ɗan wutsiyarta, ta shige duhu
ba tare da ta san an yi shawara a kanta ba.

Da asuba na juye ɗurin a jikin suri,
don ba a shiga gida da bindiga mai ciki.
Gara ce ta sha hukuncin dila.

A ƙofar gida na tarar da Lantana,
tsintsiya a hannu, tana tara gashin zabuwa.
Ta ce, baƙonka ya zo ba ka nan,
ya ce a gaishe ka.
Ta dubi jakata, ta dubi fuskata.
Ta ce, to, ina manjan?