Ni Ne Mai Ɗaukar Janareta

Ni ba mawaƙi ba ne, ku ji tun farko.
Janareta nake ɗaukar musu
daga Gujungu har Maigatari,
har yau akwai kanta a tsakar kaina.

Su huɗu ne: Ilu mai gurmi,
Barau da kalangu a hammata,
Tsalha da Nomau 'yan amshi,
Nomau kunne ɗaya gare shi, kullum a makare yake shigowa.

Da waƙar noma suka fara, a masussukar shinkafa.
Ladan yini kwano biyu
da “Allah ya ƙara basira.”
Basira kuwa ba ta sayen fatar kalangu.

Ran wata kasuwa, da la'asar sakaliya,
a inuwar tirelar da ta mutu tun Talata,
yaran mota na busa abinsu.
Ilu, don tsokana, ya jefa baiti:
ganyen da akuya ta sunsuna ta wuce,
ga maza sun durƙusa masa.
Sai shewa. Sai liƙi.
Wani kwandasta ya juye cinikin yini a gabansa
ya ce, “Maimaita.”

Shekara goma sha ɗaya yana maimaitawa.

'Yan Ganye, haka suna ya bi su.
Kaset na farko a shagon mai gyaran rediyo aka ɗauka,
a Ringim, ƙofa a rufe, zufa har gwiwa.
Kafin kaka ya kai Damagaram.
Aka sayi lasifika, aka sayi babur,
Tsalha ya yi wa uwarsa rufin kwano,
ta shiga ta kwana, amma ba ta taɓa tambayar
daga ina ba.

Gidan biki ba a kiransu.
Tasha, bakin kogi, bayan makarantar da ta rushe,
nan ne fadarsu.
Dattijan da ke kau da kai in mun gaishe su
su ke aiko yaro da dare neman rance.

Ga abin da ba wanda ya yarda in na faɗa:
Ilu bai taɓa zuƙa ba.
Ƙirjinsa ba ya son ko hayaƙin murhu.
Goro ne nasa, fari, rabi a kunci.
Barau ne ya ɗauki waƙar da gaske.
Hannunsa ya fara riga kiɗa gudu,
sannan ya fara amsa wa mutanen da ba su zo ba.
Ni na riƙe ƙafarsa a bayan a-kori-kura
ranar da muka kai shi asibiti Kazaure.

Bayan nan Ilu ya so ya juya.
Ya yi ta taki, ya yi ta rijiyar burtsatse,
ya yi wa wani ɗan takara har baiti arba'in.
Taro ya saurara kaɗan, don kunya,
sai wani daga baya: “Ganye!”
Sai duka: “Ganye!”
Kare da ka saba wa ƙashi
ba ya karɓar dawo.

'Yan Hisba ba su suka kashe ƙungiyar ba,
ko da sun fasa lasifika sau biyu.
Waya ce. Kowa da mu a aljihunsa, kyauta.

Yanzu Ilu na sayar da irin albasa.
Nomau ya rasu bara, a kan lokaci wannan karon.
Janareta na ba shagon caji haya.

Jiya ɗana Sabi'u ya wuce da waya a hannu,
gurmin nan na fita, siriri, kamar sauro.
Daidai baiti na uku akwai tari, sau biyu.
Nawa ne. Ina tsaye kusa da ƙofa a ranar.
Na buɗe baki in ce ya kashe,
sai na tsaya
in ji kaina tukuna.