Haƙorin Roba

Shagona na bayan gada ne, a Recife,
inda kogin Capibaribe ke lasar ƙafafun gidaje.
Shekara ashirin da shida ina farke cikin firinta
kamar mahauci, sai dai ni rai nake mayarwa.

Abin da ya karye a injin Dona Zuleide
bai kai farcen babban yatsa ba:
ɗan gargare na roba, fari, mai haƙora goma sha huɗu,
ɗaya ya gutsure.
Can inda ake ƙera shi, bayan teku biyu,
kuɗinsa bai kai na kofin gahawa ba.

Ya hau jirgi, aka rubuta.
Ya sauka tashar Suape, aka auna.
Aka ɗora kuɗin fito a kan kuɗinsa,
aka ɗora a kan kuɗin jirginsa,
jiha ta zo ta ɗora nata a kan abin da aka ɗora.
Mako uku yana kwance a kwantena yana ƙiba.
Allura ce ta shiga jirgi,
garma ta sauko.

Dona Zuleide na buga wa makarantu uku jarrabawa,
da katin aure, da sanarwar rasuwa.
Ta ɗaga rasit, ta sauke tabarau:
"Edivaldo, zinariya ka dasa masa?"
Ban amsa ba. Na san tun watan jiya
take jijjiga kwalin tawada
kamar mai lallashin jaririn da ya ƙi barci,
ko zai ƙara mata shafi goma.
Ta rage girman haruffa,
yara na runtse ido a kan tambaya ta bakwai.
Sunayen mamata na fitowa toka-toka,
kamar an fara manta su tun daga injin.

Rediyo ya ce harajin nan shinge ne,
don masana'antun gida su tsira.
Ban musa ba. Ƙanina a masaƙa yake,
shingen ya taɓa tsare masa abinci.
Amma na buga waya kudu, na buga arewa,
ban sami mai zuba wannan haƙori ba.
A nan dai, an yi shinge,
gonar ce ba a shuka ba.

Don haka ɗakin baya ya zama maƙabarta.
Firinta talatin da ɗaya, baki buɗe, ciki fayau.
Wannan ta ba da bel, waccan ta ba da ganga,
uku sukan mutu ɗaya ta tashi.
Cleonice, yarinyar da nake koya wa aiki,
ta iya gyara haƙori da magagari,
harshe a waje, numfashi a riƙe.

Ranar Alhamis, ana yayyafi,
wani ya shigo rungume da injinsa cikin leda.
Riga a goge, katin aiki na lilo a wuya,
tambarin tashar jiragen ruwa a jiki.
Na buɗe. Shi ne dai, ɗan farin nan,
haƙori ɗaya babu.

Na rubuta masa kuɗi. Ya yi fito da baki.
"Wannan ai fashi ne da rana tsaka!"
Na jawo takardar shigo da kaya daga ƙusa,
na juya masa ita, na sa yatsa ƙasan hatimi.
Ya karanta. Ya sake karantawa.
Ya san tawadar, ya san teburin da aka buga shi,
wataƙila ma ya san hannun.

Ruwa na ɗiga daga ledarsa zuwa takalminsa.
Can ya ce, murya ƙasa-ƙasa:
"Babu na hannu?"

Cleonice ta dube ni.
Na miƙa mata mabuɗin ɗakin baya.