Sikelin Gyaɗa

Ni ne marubucin meri a Tudun Kalgo,
shekara sha tara ina riƙe da rajista:
haihuwa, rasuwa, iyakar gona, lanho.
Ran nan kwanon ofis ya zama tanda,
muka fito da benci inuwar gawo,
akuyar mai gadi na tauna mini gefen takardar tsari.

Magana ɗaya ce a faifai.
Famfon unguwar Majema ya mutu wata huɗu,
makaniken Maradi ya ce jikka ɗari da tamanin,
asusunmu kuwa ko gara ta yi masa ƙaura.
Magajin gari ya share zufa da hula:
"Ga tsohon sikelin gyaɗa bayan mangaza,
ƴan gwangwan sun taya.
Ƙarfe ne, ba ya haihuwa, don me za mu bari?"

Barmo ya tashi, sandarsa ta riga shi.
"Yaro, kana ina shekarar da gulbi ya ci tsohon gari?
Ƙarti goma sha biyu suka hau da shi tudu
kafin a ɗauko ƙyauren masallaci.
Kansa aka auna sadakin uwarka, buhu-buhu.
Da gyaɗa ta yi mana yaji, sama ta bushe,
kansa aka raba dawar taimako,
kansa likita ta ɗora yaran da suka rage.
Sayar da shi, ka sayar da bakin da ke ba da labari."

Tsahara mai man gyaɗa ba ta tashi ba.
"Baba Barmo, labari ba ya cika tulu.
Kuma ka faɗi duka.
Uwata ta kai buhu cike har wuya,
akawu ya tokare shi da ɗan yatsan ƙafa,
tiya uku suka bi iska.
Ta dawo gida tana lissafi da tsinke
har Allah ya karɓi abinsa.
Ni wuyan ɗiyana na sani,
da hanyar rijiyar kwari."

Aka ɗaga hannu: biyar nan, biyar can.
Na sha ɗaya, Jadi, ya tafi neman sansa da ya tsinke.
Sai wani ya ce mu je mu gan shi mana.

Yana nan cikin tumfafiya,
kaza ta yi ƙwai biyu a gindinsa.
Barmo ya hau, aka ja dutsen awo,
ƙarfe ya yi tsaki, ya ce kilo arba'in da tara.
Muka yi dariya, har da shi.
Wata yarinya na wucewa da jarka a ka,
Tsahara ta sauke mata, ta ɗora.
Ashirin da ɗaya.
"Sau shida," in ji ta, "kullum, kafin a buga ƙarfen lakwal."
Ba wanda ya yi tari.

Barmo ya daɗe yana kallon yarinyar,
wurin da gammo ya cinye mata gashi.
"Ku bar mini dutsen," ya ce. "Shi kaɗai."
Na rubuta: an amince.
Alƙalamin ya ɗan yi gardama, sai da na hura masa.

Ran Juma'a ɗan gwangwan ya zo da amalanke,
ya ɗora sikeli bisa sikeli.
Duk gari na kallon allura,
Barmo da Tsahara na kallon ƙafarsa.
"Ja baya, ɗan nan," suka ce baki ɗaya,
allura ta ƙara kilo bakwai ba shiri.

Yanzu famfo na kuka tun asuba.
Barmo ya kawo mini dutsen, wai gidansa jikoki sun yi yawa.
Shi ke danne rajistar haihuwa
kada iska ta buɗe ta inda ban kai ba.
Wani lokaci nakan ɗauke shi a tafin hannu
in ji nauyin gari.